Ba Kowane Shiru Ne Haƙuri Ba

'Yar uwa, yau ba maganar zazzaɓin yara ko abincin mai jego na zo miki da ita ba kamar yadda na saba. Wani abu ne da ya daɗe yana ci mini rai, na ga gara in amayar da shi, ko na samu sauƙi, ke ma ko kya tsinci wani abu a ciki.

Cikin sanyin ƙarshen shekarar 2020 ne, ina aikin dare a wani asibiti da na taɓa zama. Wajen ƙarfe goma sai ga wata Hajiya ta shigo, ƙamshin turarenta ya riga ta isowa, tana janye da wata yarinya da ba za ta wuce shekara goma sha ɗaya ba. Yarinyar ta rufe hannunta na hagu da gefen hijabi. Da na ɗaga sai na ga ƙuna a damtsenta.

"Sista, rawar kai ce ta yi mata yawa," in ji Hajiya. "Guga na sa ta, ta je ta faɗa kan dutsen."

Na yi shekaru ina wanke ƙuna. Na san ta tafasasshen ruwa, na san ta garwashi, na san ta salansar babur. Wanda ya taɓa dutsen guga bisa kuskure nan take yake fizge jikinsa, sai ki ga ɗan zane a gefe guda. Wannan kuwa hoton dutsen ne gaba ɗaya a jikin fata, har da ƙananan ramukan nan da tururi ke fita. Danna shi aka yi, aka kuma riƙe.

Na tambayi yarinyar garinsu, ta faɗa cikin raɗa. Wani ƙauye ne a ƙasar Gwaram, kasuwa ɗaya suke ci da ƙauyen kakannina. Na kuma san Hajiyar. Matar wani babban mutum ce, ita da uwar mijina ba a raba su a wajen biki ko suna.

Na wanke ciwon, na shafa magani, na naɗe da bandeji. Na ɗauki kati na rubuta: ta faɗa kan dutsen guga. Hajiya ta yi ta sa mini albarka. Yarinyar ba ta yi kuka ba ko sau ɗaya, amma da za su fita ta waiwayo ta dube ni. Har yau ina ganin kallon nan.

Can wajen ƙarfe biyu, marasa lafiya sun yi barci, ni kuwa zama ya gagare ni, sai na ɗauko waya. Na ci karo da hoton wasu tsofaffi masu manyan rawuna da farin gemu, sun yi sansani a kan titunan shiga birnin Delhi na Indiya, cikin sanyi, sun ɗora manyan tukwane. Manoma ne, galibinsu daga jihar Punjab, suna adawa da wasu dokokin noma guda uku da gwamnati ta kafa, don suna ganin za su bar ƙaramin manomi a hannun manyan kamfanoni. Abin da ya tsayar da ni shi ne, duk wanda ya zo zuba masa abinci suke yi kyauta, har da 'yan sandan da aka turo su tare musu hanya. Sun shekara guda a wurin, har sai da gwamnati ta janye dokokin a watan Nuwamba 2021.

Kin san irin rawanin nan, muna ganinsa a finafinan Indiya tun muna yara. Masu shi mabiya addinin Sikh ne. Ban san komai a kansu ba sai a daren, da na shiga karatu don in guje wa tunanin yarinyar. Ashe inda nake gudu can karatun zai mayar da ni.

Addininsu ya faro ne daga Guru Nanak, wanda aka haifa a 1469, kuma tarihinsu cike yake da mutanen da suka ƙi sunkuyar da kai. Shugabansu na tara, Guru Tegh Bahadur, an sare masa kai a Delhi a 1675, zamanin Sarki Aurangzeb na daular Mughal. A ruwayarsu, 'yan Hindu na Kashmir ne suka kawo masa kukan ana tilasta musu barin addininsu, ya tsaya musu, alhali ba addininsa ɗaya da su ba. Ɗansa Guru Gobind Singh shi ya kafa rundunar da suke kira Khalsa a 1699, ya ɗora wa kowane mabiyi, mace da namiji, nauyin kare wanda aka fi ƙarfi. 'Yar wuƙar nan da suke ratayawa tunatarwar wannan alƙawari ce.

Amma labarin da ya hana ni sakat na wani Musulmi ne. Wajen 1705 aka kama 'ya'yan Guru Gobind Singh ƙanana guda biyu tare da kakarsu, aka kai su gaban gwamnan garin Sirhind. Babban bai kai shekara goma ba. Aka yanke a kashe su. A cikin manyan da ke zaune akwai sarkin wani gari mai suna Malerkotla, Sher Muhammad Khan, wanda shi kansa ya yaƙi mahaifin yaran, an ma kashe masa 'yan uwa a yaƙin. Shi ne ya miƙe ya ce bai yarda ba, kashe yara zalunci ne, Musulunci bai halatta ba. Ba a saurare shi ba. Aka kashe yaran, kakarsu ma ta cika.

Ki lura, 'yar uwa: bai ceci kowa ba. Magana kawai ya yi, maganar kuma ta faɗi ƙasa. Amma fiye da shekara ɗari uku ke nan mabiya Sikh ba su manta ba. A 1947, da aka raba Indiya da Pakistan, jini ya malala a duk faɗin Punjab tsakanin Musulmi da Hindu da Sikh, sai ga Malerkotla ta tsira, kuma mutane da yawa suna danganta haka da wancan miƙewa da sarkinsu ya yi. Har gobe garin Musulmi ne suka fi yawa a cikinsa. Duk watan Disamba kuma dubban mutane kan taru inda aka kashe yaran, iyaye su zo da 'ya'yansu su ba su labarin tun daga farko.

Ina gama karantawa sai Inna ta faɗo mini a rai.

Inna ita ce ta haifi babana, a wani ƙauye tsakanin Gwaram da Birnin Kudu ta yi rayuwarta duka. Ba ta taɓa shiga aji ba. In na je hutu sai ta ce, "Kishiya, kin zo ƙwace mini miji ko? Zo ki tsince mini wake tukuna." A wajen tsintar waken nan na ji labarai da yawa, amma ɗaya ne ta fi maimaitawa.

Tana amarya, kafin a samu mulkin kai, lokacin karɓar haraji ya zo. A wancan zamani duk yankin nan a ƙarƙashin En'en Kano yake. Kowane baligi sai ya biya haraji, Bafillatani ya biya jangali a kan kowace saniya, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Wanda ya kasa, wani ya sayar da akuya, wani ya sayar da hatsin da zai ci, wani ya gudu ya bar iyali. Ran nan aka kama wani baƙo Bawarje da ya zo ƙodago, ba shi da takardar shaidar biya. Aka ɗaure shi a rana a ƙofar gidan dagaci tun hantsi, aka ce kada wanda ya kusance shi.

Inna ta ce tana jiyo nishinsa daga bayan danga. Maza na zaune a inuwa, kowa ya kawar da kai. Da azahar ta yi sai ta cika ƙwarya da ruwan randa, ta yafa zane, ta fita. Amarya ce fa, ko wata uku ba ta yi ba. Ta durƙusa za ta kai masa baki, wani ɗan doka ya sa ƙafa ya shure ƙwaryar. Da dare wan mijinta ya zo ya yi ta faɗa, ya ce ta jawo wa gida abin kunya a kan wanda ba dangin iya ba na baba. Sai da ta yi kwana bakwai a gidan iyayenta kafin a yi biko. Baƙon kuwa washegari aka tasa ƙeyarsa zuwa garin hakimi, ba ta sake jin ɗuriyarsa ba.

Ina ƙarama nakan ce, "To Inna, me ya amfana, tunda ko kurɓa bai yi ba?"

Sai ta ce, "Bai sha ba, amma ya ga an kawo."

Sai a daren nan, ina zaune da katin ƙarya a gabana, na gane abin da take nufi.

Kin ga ke nan mu ma muna da irin wannan gado, ba sai mun je Indiya aro ba. A ranar 8 ga Agusta 1950 wasu matasa takwas suka haɗu a Kano suka kafa jam'iyyar NEPU, cikinsu da Abba Maikwaru da Magaji Dambatta da Mudi Sipikin, daga baya Malam Aminu Kano ya zama jagoranta. Kalmarsu ita ce Sawaba, buƙatarsu kuma talaka ya san shi ma mutum ne: a daina aikin tilas, a daina ɗaure mutum ba bisa ƙa'ida ba. Sun sha bulala, sun sha ɗauri, wasu an raba su da gonakinsu. Kakana ya yanki katin NEPU, yayan Inna kuma ɗan NPC ne na gani-kashe-ni, suka yi shekaru ba sa ga-maciji. Inna ba ta taɓa cewa duk mai sarauta azzalumi ne ba. Takan ce akwai dagacin da ya biya wa talakawansa haraji daga rumbunsa. Tsarin ne ya ba mugu damar yin yadda ya so, ba mai ce masa don me.

A cikinsu akwai mace, Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda aka haifa a 1933. Tana shiga gidaje tana wayar da kan matan kulle, tana magana a kan aurar da ƙananan yara da hana mata ilimi da ƙuri'a. Sau goma sha shida aka ɗaure ta. Ta rasu a 2001, yau ga babban asibiti da sunanta a Ƙofar Gayan a Zariya. A zaɓen 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, matan Arewa ba su jefa ba. Sai a 1979 Inna ta fara shiga layin babban zaɓe, da furfurarta. A wannan zaɓen ne mutanen yankinmu suka tura Sule Lamido, ɗan Bamaina, majalisar wakilai a Legas a tutar PRP, Muhammadu Abubakar Rimi kuma ya zama gwamnan Kano, lokacin ba a cire Jigawa ba sai a 1991. Yana hawa ya soke haraji da jangali. Babana ya ce ranar da aka faɗa a rediyo Inna guɗa ta rangaɗa a tsakar gida, sannan ta zauna ta yi kuka.

Ba kamfe nake yi wa kowa ba, 'yar uwa. Abin da nake so ki gani shi ne, abin da aka ɗauka kamar ruwan sama ne, ba mai iya hana shi, ashe mutane ne suka ɗora shi, mutane kuma suka sauke shi, bayan shekara kusan talatin ana shure musu ƙwarya.

Sai dai akwai wani ɓangaren tarihinmu da ya kamata in haɗa miki, don kada labarin ya yi daɗi fiye da gaskiya. Tsofaffin Gwaram da Birnin Kudu sun gaji labarin harin Ningi daga iyayensu. To su waye Ningawan nan tun asali? Wajen 1846 wani malami, Malam Hamza, ya bar Tsakuwa ta ƙasar Kano da jama'arsa, don ya ƙi biyan kuɗin ƙasa da yake ganin ya saɓa wa shari'a. Ki tuna, irin waɗannan kuɗaɗe na cikin abin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki sarakunan Haɓe a kai, ga shi shekara arba'in da 'yan kai bayan jihadin 1804 ana sake kuka da su. Malam Hamza ya shiga duwatsun Ningi, ya haɗa kai da Butawa da Warjawa da sauran mutanen dutse waɗanda su ma suka gaji da farmakin masu kamun bayi. Gudun zalunci ne ya haɗa su. Amma da ƙarfi ya samu, magadansa suka shafe shekaru suna kai hari kudancin ƙasar Kano, suna ƙone ƙauyuka, suna kwashe mata da yara. Wanda ya gudo daga zalunci ya zo ya zama abin gudu. Babu al'ummar da ta tsira daga wannan jarrabawa, har su Sikh ɗin da na ba ki labari, tarihinsu ma yana da nasa tabon.

Wannan darasin ni ya fara kamawa. Ni da nake kukan likita ya raina ni, albashi ya makara, sau nawa na daka wa mai naƙuda tsawa don ta zo daga ƙauye ba ta san inda ake yankar kati ba? A gaban wancan ni ce talaka. A gaban wannan ni ce ɗan doka. Ke ma ki duba gidanki. Mai yiwuwa kina haƙuri da miji ko dangin miji, amma yarinyar da ke miki wanke-wanke fa, ƙarfe nawa take kwanciya? A kwano ɗaya take ci da 'ya'yanki? Tana zuwa makaranta? Kuɗin aikinta yana isa hannun iyayenta, ko a hannun dillaliya yake maƙalewa?

Bari in ƙarasa miki labarin yarinyar. Bayan kwana uku direba ya kawo ta wankin ciwo, Hajiya ba ta zo ba. Na ja labule, na rage murya na ce, "'Yata, gaya mini gaskiya, ba wanda zai ji daga bakina sai wanda zai taimake ki." Ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta ce mayafin Hajiya ta ƙona garin guga. Na ɗauko katin na rubuta abin da idona ya gani da abin da ta faɗa, na sa hannu, na kai wa shugabarmu. Na kira kawuna a Gwaram, ya je wurin mai unguwarsu, aka nemo mahaifinta. Ya zo ya ga hannun 'yarsa, ya kasa magana, ya tafi da ita a ranar.

Kada ki ɗauka tatsuniya ce mai daɗin ƙarshe. Hajiya ba abin da ya same ta. Uwar mijina ta yi wata biyu tana amsa gaisuwata da ƙyar, ta ce na kunyata ta a idon mutanen arziki, kuma ni yarinya ce ban san zaman duniya ba. Bayan shekara guda kawu ya gaya mini an sake tura yarinyar aikatau wani gida a Kano, saboda babu ta yi wa gidansu yawa. Ban canza rayuwarta ba. Iyakar abin da zan iya cewa, ta ga an kawo.

Abin da ya bambanta mu da mutanen da na karanta labarinsu ba jarunta ba ce. Su suna ba 'ya'yansu labarin, mu mun daina. Tambayi ɗanki ko ya san Gambo Sawaba. Tambaye shi Sarkin Haɗeja Muhammadu, wanda ake kira Mai Shahada, da ya ƙi miƙa wuya ga Turawa har aka kashe shi a 1906. Abin da muke cusa musu dare da rana shi ne: yi shiru, ba ruwanka, babba ba ya laifi. Haƙuri maganin zaman duniya ne, gaskiya ne. Amma haƙuri a kan abin da ya same ki ake yinsa. In wani ake cuta a gabanki kika kawar da kai, wannan ba haƙurinki ba ne, don ba fatarki ce ke ƙuna ba. Kuma yaron da aka horar kada ya taɓa faɗin laifin babba, ranar da wani babba ya taɓa shi inda bai dace ba, shirun da kika koya masa shi zai yi miki. Wannan a wurin aiki na gan shi, ba sau ɗaya ba.

Ba cewa nake yi mu tarbiyyantar da marasa kunya ba. Inna durƙusawa ta yi, ba ta zagi kowa ba. Sarkin Malerkotla bai zare takobi ba. Ladabi daban, tsoro daban, aikinmu ne mu nuna wa yara inda suka rabu. Ga abin da na fara yi a gidana. In sun dawo makaranta, bayan na tambayi abin da aka koya musu, nakan ce, "Yau akwai wanda aka ci zalinsa? Ke me kika yi?" In yaro ya kawo ƙarar babba, ba na fara cewa ƙarya yake yi, sai na ji ƙarshen zance. In ni na yi musu hukunci bisa kuskure, ina buɗe baki in ce na yi kuskure, don su san mai iko ma ana iya gaya masa gaskiya kuma sama ba ta faɗo ba. Yarinyar da ke taya ni aiki kuwa na sa ta a makarantar da 'ya'yana suke, tare suke fita da safe. Na jinkirta yin haka, ina jin kunyar faɗa, amma gara a makara da a ƙi.

Kwanakin baya babbar 'yata, mai shekara tara, ta dawo da shatin bulala biyu a hannu. An rasa kuɗi a ajinsu, aka ɗora wa wata yarinya da ba ta da mai tsaya mata, ita kuma ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, tare muke da ita tun safe, ba ita ba ce." Aka haɗa su aka zane. Wallahi abin da ya fara zuwa bakina shi ne, "Ke wa ya sa ki?" Na haɗiye shi da ƙyar. Na shafa mata man zafi, na ce gobe tare za mu je in ga malamin cikin mutunci. Sannan na ɗauko faranti na zuba wake, na ce, "Zo ki taya ni tsinta, in ba ki labarin wata amarya da ƙwaryar ruwa."

Ke fa, 'yar uwa? Na tabbata a danginku ma akwai wata Inna. In tana raye, ki je ki tambaye ta tun kafin ƙasa ta rufe labarin. In ta riga mu, Allah Ya jiƙanta, ki ba 'ya'yanki abin da kika tuna a daren yau.